Ƙanƙarar Kawu

A ƙauyenmu na bakin kogi, kusa da Sinja a ƙasar Sudan, in mutum ya shara ƙarya ba a ce masa maƙaryaci. Sai a ce, "Wannan ƙanƙarar Kawu ce." Kawun nan kuwa nawa ne, wan mahaifiyata, don haka tun ina 'yar firamare na sha dambe a kan maganar.

Yana saurayi aka tura shi Almaniya, wato Jamus, koyon gyaran babur, injin da ke jan ruwa zuwa gonaki. Garin da ya sauka yana gindin duwatsu, kuma a lokacin ba a daɗe da kafa babbar gasar ƙasar ba ta wani wasa da mutanen garin suka haukace a kansa. Maigidansa na wurin aiki yakan ja shi kallo. Da ya dawo sai ya baje labari a majalisa: wai ƙarti ne ke ɗaura wuƙa a ƙasan takalmi, suna gudu a kan ƙanƙara, suna korar wani baƙin faifai kamar waina da sanduna masu lanƙwasa, jama'a na tsaye cikin sanyi suna waƙa.

To, Kawu mutum ne mai ji da Hausarsa, ba ya yarda ya surka ta da Larabci. Da ya ce talij, sunan Larabci na dunƙulen da ake sayowa cikin buhu da azumi don sanyaya ruwa, da wataƙila an gane. Amma mu ƙanƙara ɗaya muka sani, wadda ke zubowa da damina ta kwantar da dawa, kafin ka ɗauko kwano ta narke. Amininsa mai bakin tsiya ya tambaye shi ko tsince ta suke yi ɗaya-ɗaya kafin a fara wasan. Majalisa ta kwashe da dariya, magana ta bi gari.

Kawu yakan taya su dariya, amma abin yana ci masa rai. Mutumin da ko a awon dawa ba ya tauye mudu! Bara na je gaishe shi, ya tsufa, ido ya tafi, ya ce mini abin da ke damunsa shi ne zai mutu sunansa yana nufin ƙarya a bakin jikokinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na koma Sinja na yi ta lalube a waya har na samo wani tsohon bidiyo, baƙi da fari, na wasannin shekarun nan. Ranar Juma'a bayan la'asar na kutsa majalisar maza, abin da ban taɓa yi ba, na jingina wayar a kan tiren jabana, wato gahawa, na kunna.

Kawu ba ya ganin komai. Amma da ƙarar ta tashi, ƙiii, ƙiii, sai ya gyara zama. Ya ce wannan birki ne, yanzu za su juyo. Suka juyo kuwa. Ya ce a saurara, faifan zai bugi katako, muka ji ƙwas. Tsofaffi suka yi cincirindo a kan 'yar wayata, wani ya tuntsurar da finjali, ana ta salati.

Aminin ya karɓi wayar, ya kai ta har hancinsa, ya sa na maimaita masa. Sannan ya ɗago kai.

"Ai talij ne wanga," in ji shi. "Mi ya hana ka ce talij tun farko?"

"Ni Bahaushe ne," in ji Kawu.

Aka yi dariya har Kawu ya riƙa share hawaye da hannun riga, ni ma daɗi ya kashe ni. Aminin ya tsiyaya jabana da kansa, ya kama hannun Kawu ya ɗora masa finjalin.

"Gaskiya ka faɗa, aboki. Mu ne ba mu je ko'ina ba."

Har gobe ana cewa ƙanƙarar Kawu a ƙauyenmu. Sai dai yanzu in an faɗa, ba a rasa wanda zai ce a dakata, a duba tukuna. Shi kuwa duk ranar da na je, kafin mu gama gaisawa zai miƙo kunne ya ce in kunna masa mutanensa.