Madambacin Malam Sahabi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau da yawa na ɗauki biro na ajiye, don ina tsoron a ce na ci naman wani, ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Matata ma ta ce in bari, wai mai walda ba ya ja da mai mota. Amma abin ya ƙi barin raina. Zan faɗa wa abokan sana'a iyakar abin da idona ya gani, inda na yi kuskure Allah Ya yafe mini.

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai wata sabuwar tukunya gidan Alhaji Barmo ba. Shekarar da aka rufe boda ce, shinkafar gida ta yi daraja, mata masu gumi ba su hutawa. Ga wanda bai sani ba, gumi shi ne a jiƙa shinkafa da ɓawonta, a dafa ta sama-sama, a shanya kafin a kai inji. Lokacin ni ne babban ma'aikaci a shagon maigidana Malam Sahabi a Bagudo. Shi ke awo da yanka, ni ke haɗawa da wuta.

Asalin abin daga bakin Inna Safiya ya fito, wata tsohuwa daga Dendawan Illo. Ta kawo tukunya a like mata, tana jira ta ce ta ga mata a tsallake, ƙasar Benin, tururi kaɗai ke dafa musu shinkafa, shi ya sa tasu ba ta ƙuna, ba ta karyewa a inji.

Malam ya ce, "Kamar dambu ke nan, Inna?"

Ta ce, "Kai dai ka cika tambaya. Ni na gani, kai ka ƙera."

Rani guda muka yi muna fama: tukunyar ruwa a ƙasa, wata mai huji-huji a bisa. In huji ya yi faɗi shinkafa ta zube, in ya matse tururi ya ƙi hawa. Inna ke gwadawa. Na farko ta dawo da shi ta ce, "Wanga ba madambaci ba ne, rariya ce. Ku kai wa masu koko!" Ranar da ya yi daidai, da kanta ta zo da shinkafar a gefen zane, fara tas.

A wurinmu ba a sayar da sabon abu sai an kai wa babba ya sa albarka. Alhaji Barmo shi ke ba mu gyaran injinansa na casa, don haka shi ne babbanmu. Ni tun a shago ban so haka ba. Na ce mu ƙera na biyu tukuna, mu riƙe ɗaya. Malam ya yi dariya ya ce, "Bawa, kai ko inuwarka tsoro take ba ka."

Muka tura shi a baro bayan la'asar. Majalisar Alhaji ta cika: masu inji, dillalan shinkafa, direbobin da ke zirga-zirga har Birnin Kebbi. Suna bisa darduma, mu muka tsuguna wajen takalma. Alhaji ya ƙwanƙwasa tukunyar da zobensa ya ce, "Madalla, Sahabi. Allah shi yi albarka. Bar ta nan mu duba." Abin da ka kai gaisuwa kuwa ba ka cewa a maido maka. Muka komo da baro ba komai.

A nan dole in yi adalci, ko da yana mini ciwo. Wani direba da ke zama a majalisar ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Kowace yamma sai a jawo tukunyar tsakiya. Mai inji ya ce a ƙara girma ta ci buhu guda. Direba ya ce a yi ta sama ta shige cikin ta ƙasa, mota ta ɗauki da yawa. Wani ya san mai sayar da farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Dillali ya san shugabannin mata masu gumi daga Zagga har Geza. Kowa ya sa nasa, babu wanda ya ce a kira maƙerin. A shagon surukin Alhaji a birni aka ƙera su, suka dawo cike da mota, ana kiransu 'Yar Barmo. Sun fi namu kyau, sun fi namu araha. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, don duk gyaran nan, da a ce Malam ya ji shi da kunnensa, da ya yi shi.

Malam ya tafi gaisuwa, na bi shi. Bai ma buɗe baki ba Alhaji ya ce, "Ai na ɗaukaka abinka, Sahabi. Da yana shagonka, wa za shi san shi? In sun lalace kai za mu ba gyara."

Malam ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe."

Bai sake maganar ba. Sai wata rana wata mata ta kawo 'Yar Barmo hannun tukunyar ya cire. Tana miƙa wa Malam ta ce, "Ka yi a hankali, malam, wagga ba irin aikinku ba ce." Ya karɓe ta daga wurinta, ya like da kansa, ya goge. Kafin watan ya ƙare ya ba ni mabuɗin shago, ya ce zai leƙa tsallake ya ga yadda suke nasu. Ya bi ta Illo, bai dawo ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Sabon abu yana fitowa daga bakin wata tsohuwa, ya bi ta hannun maƙeri, amma a kan darduma yake girma, kuma sunan mai darduma yake ɗauka. Ban ce ku daina kai gaisuwa ba. Na dai ce ku nemi inda ku ma za ku zauna a ji bakinku.

Bara na je gyaran ƙofa gidan Alhaji, na ga madambacin nan da muka kai masa a bayan gida, ana zuba wa raguna dusa a ciki. Na roƙa aka ba ni. Na wanke, yana rataye a shago.

Roƙona ga masu karatu, musamman direbobi da masu tsallakawa: Malam Sahabi dogo ne, baƙi, yana da tabon ƙuna a damtsen hagu, yana taɓa gemu kafin ya yi magana. Wanda ya gan shi, ko ya ji inda aka binne shi, don Allah ya bar saƙo wurin masu walda a Bagudo, a ce na Bawa ne. Sunansa na nan a ƙofar shago ban goge ba, kuma kullum ina tunanin ko halal ne in ci gaba da aiki da sunan mutumin da ban san ko ya yarda ba. A gaya masa tukunyarsa ta dawo gida.