Man Gyaɗa a Keken Malam Nafi'u

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a Bande ya san Hinda, ko bai san fuskarta ba ya san aikin hannunta. Shekara talatin da ɗoriya tana suyar gyaɗa, tana kai niƙa, tana murza tunkuza a turmi har mai ya taso. Hannu gare ta ba na wasa ba. In ta ɗaure bakin buhu, sai dai a nemo wuƙa. In ta rufe murfin kwalba ta tafi unguwa, mutanen gida sai su haƙura har ta dawo.

Mijinta Malam Nafi'u tela ne, a zauren gidan yake ɗinki da tsohon keke na ƙafa. Kayan 'yan lakkol, wato 'yan makaranta, rigunan Salla, facin wandon manoma, duk shi ne. Mutum ne mai faɗa, kowa ya shaida. Ya yi faɗa da zare, ya yi da mai kaya, in ba kowa ya leƙo cikin gida ya ce gishirin miya ya yi yawa. Hinda ba ta taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Muddin tana jin ƙarar keke da mitarsa daga zaure, ta san gidanta lafiya yake.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Da fari ramin allura ne ya ɓace masa, daga baya layin ɗinkin ma. Suka je Magariya, aka tura su Damagaram, likita ya ce jijiyar idon ce ta lalace, ba ta dawowa. Ranar da suka dawo ya lulluɓe keken da tsohon zane, ya shimfiɗa tabarma a gindin bango, ya yi shiru. Da gangan Hinda ta zuba gishiri har miya ta ƙi ciwuwa. Ya cinye, ya ce Allah ya yi albarka. Ranar ta yi kuka a bayan rumbu.

Ta sha ganin yana ɗiga wa keken mai a wasu 'yan ramuka, sai ta ƙudurta cewa ba zai yi tsatsa tana raye ba. Kowace Juma'a, da maƙwabta sun ja shi masallaci, sai ta ɗebo man farko, wanda take ware wa manyan baƙi, ta tsoma gashin kaza ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi rowa ba ko kaɗan. Wata goma tana haka, babu wanda ya sani.

Bayan girbin gero, wata safiya ya ce mata ya yi waya da Manzo, wani tela a Magariya, zai zo ranar Laraba ya saye keken ya tafi da shi. Ta san in keken nan ya fita daga zaure, abin da ya rage na mijinta ya bi shi.

Ta ce, "Malam, koya mini ɗinkin mana."

Ya ce, "Ke? Da wannan hannun?" Amma ko ƙarfin musu ba shi da shi. "To, zauna ki gani."

Ta yaye zanen ta zauna, ta ɗora ƙafa ta taka. Keken ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi, gargaren ya juya da ƙyar, ya yi gurnani ya tsaya. Malam Nafi'u ya saurara, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Bar shi. Shi ma ya gama nasa."

Ya miƙa hannu yana lalube zai mayar da zanen, sai yatsansa ya manne da wani abu mai danƙo. Kiyashi ya hau masa hannu. Ya kai yatsan hanci ya sansana, ya sake sansanawa.

"Hinda, wa ya soya ƙosai a cikin kekena?"

Babu wurin ɓuya. Ta faɗa masa komai tana kallon ƙasa, har da gashin kazar.

"Man gyaɗa!" Muryar da ta yi wata goma ba ta ji ba ta cika zauren, har akuya ta zabura a waje. "Man gyaɗa a keke! Ke ba ki san yana daskarewa ya kama ƙasa ba? Wannan ai ba keke ba ne yanzu, kaskon suya ne!" Sai ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kowace Juma'a kika ce?"

"Kowace Juma'a, Malam."

Ya ɗora hannunsa a kan keken. Ta ga gemunsa na rawa, ta kau da kai don kada ya ji kunya, ta manta ba ya ganinta. Can ya yi gyaran murya ya ce ta samo kananzir da tsumma, ta ɗauko turnabis, abin kwance noti, a aljihun tabul.

Kwana uku suna wankin keke. Shi ke kwancewa da lalube, yatsunsa sun san mazaunin kowane noti, ita ke duba inda danƙo ya maƙale tana kankarewa. Ya sa aka sayo man keke na gaskiya, fari kamar ruwa, ya ce ɗigo ɗaya a kowane rami, ɗaya tak, ba miya ake yi ba. Ya nuna mata yadda ake sa allura, gefen da yake a shafe ya dubi dama. Ya sa ta riƙe ƙoshiya, gidan zaren ƙasa, ta bakin zare ta girgiza: in ta sauko kaɗan ta tsaya, daidai; in ta zube ƙasa, ta yi sako-sako. Ya ce ta fara juyo gargaren da hannu zuwa wajenta kafin ta taka, in ba haka ba keken ya koma da baya ya tsinke zare. Ya tsinke kuwa, ya fi sau ashirin.

Inda suka fi shan fama shi ne ɗan maɗaurin da ke matse zaren sama. Ya ce ta ƙara kaɗan, ta murɗa shi har ƙarshe. Ƙyalle ya tattare, zare ya ce ɗas.

"Ba tunkuza ba ce, baiwar Allah! Da kan yatsa, kamar za ki cire wa jariri ƙwantsa."

Ta sassauta, ta yi yawa, zare ya taru a ƙarƙashi. Ta ƙara, ta rage. Yana zaune kusa da ita, kunnensa a jikin keke, tun kafin ta ga kuskure ya ji shi.

Ranar Talata da la'asar ta yi layi guda daga farkon ƙyalle har ƙarshe, zare bai tsinke ba. Ta miƙa masa. Ya bi ɗinkin da babban yatsa ta sama, ya juya ya bi ta ƙasa, a hankali.

Ya ce, "Zaren ya zauna. Layin kuwa hanyar shanu ma ta fi shi miƙewa. Warware."

"Duka?"

"Duka. Gobe da hantsi ki sake."

Ta ce, "Gobe ai Manzo zai zo."

Ya ce, "Ya zo ya sha fura ya koma. Yaushe zan ba da keke ina da mai koyon da ko layi ba ta iya ba? Wannan aikin sai mu yi shekara muna fama."

Hinda ta ɗauki reza ta fara warware ɗinkin. Hawaye ya hana ta ganin zaren sosai, shi kuwa yana ta faɗa wai tana ɓata masa ƙyalle.