Ƙasar Gwamnati a Ɗakin Rhonda

A titin da Rhonda Sobczak take zaune a Erie, wani birni na bakin tafki a Amurka, ba wanda zai ce maka ya taɓa ganin ta fita aiki. Motarta takan wuni ta kwana a ƙofar gida, dusar ƙanƙara ta binne ta har madubi, maƙwabta su ɗauka matar nan hutu take ci. Ina hutu! Tun kafin aiki daga gida ya zama yayi take yin sa. Likitoci ne suke ɗaukar muryarsu bayan sun duba marar lafiya, a turo mata, ta sa abin saurare a kunne ta buga abin da suka faɗa. Wani likitan yana magana yana tauna, wani kamar ana korarsa, ita dai ba ta da bakin ƙorafi. Kamfanin da ke turo aikin bai ɗauke ta ma'aikaciya ba, 'yar kwangila ce. Ba fansho, ba hutun ciwo, harajinta kuma ita za ta biya da hannunta.

Gidan nata ɗan ƙarami ne. A sama akwai ɗakin barcinta a ƙarƙashin rufi, gado ya cinye shi, in ta miƙe da sauri sai ta buga kai. A ƙasa falo da kicin a haɗe suke, ƙofar waje na buɗewa iskar tafki ta shigo ta gaida kowa. Sai wani ɗan ɗaki a gefen banɗaki. Nan ne ofis.

Gil Marchetti ne ya koya mata darajar ɗakin nan. Shi ne mai cika wa 'yan unguwa takardun haraji, yana buɗe shagonsa in sanyi ya yi nisa, ya rufe da an wuce tsakiyar Afrilu, lokacin da wa'adin miƙa takardun yake cika.

"Wannan ɗakin shi ne rufin asirinki, Rhonda," in ji Gil. "Saboda shi za a rage miki haraji a kan kuɗin wuta, na ɗumama gida, na inshora. Amma da sharaɗi. Aiki kaɗai. Ba gadon baƙi, ba keken motsa jiki, ko kwanon kyanwa kada ki ajiye. In ma'aikatan haraji suka zo da abin awo, ni ba ruwana."

Yana dariya ya faɗa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ga yadda hukumar haraji ta yi wa tsohon mijinta Dwayne, aka bi shi shekara da shekaru har motar aikinsa ta tafi, auren ma ya bi bayan motar. Tun daga nan, ko ambulan mai hatimin gwamnati ta gani a akwatin wasiƙa sai ta tsorata. Saboda haka ta tsare ɗakin nan fiye da yadda take tsare lafiyarta. Ko kofi ba ta sha a ciki sai tana aiki.

Haka aka yi ta tafiya har ranar da mahaifinta, Walt, ya zame a kan ƙanƙara ya karya kwatangwalo. Tsoho ne dogo, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar narka ƙarfe, bakinsa ba ya rabo da tsokana. A hawa na uku yake haya, benen ba lif. Asibiti suka ce wa Rhonda ko ta ɗauke shi, ko a nema masa gidan tsofaffi.

"Gidan tsofaffi?" Walt ya ce. "Ni da waɗancan tsofaffin? Allah ya kiyaye."

"Gida za mu, Baba," ta ce, ba ta ko tsaya tunani ba.

Tunanin ya zo ne da aka kawo gadon asibiti. A falo ya tare ƙofar waje. Sama kuwa ba zance. Ta kira Gil a waya.

"To, ba lallai sai ɗaki sukutum ba," Gil ya ce, ana jin yana buga wani abu daban. "Wani sashe na ɗakin ma ya isa, in dai a ware yake. Ki sa alama. Amma fa abin da ke cikin alamar, aiki kaɗai."

Ta sayo shuɗin tef na masu fenti, ta durƙusa ta raba ɗakin biyu. Tebur da kujera a can, gado a nan. Ta tura gadon har ya manne da bango, ta sake turawa. Duk da haka ƙarshensa ya tsallake layin da kamar taƙi guda.

Walt yana tsaye riƙe da ƙarfen dogarawa yana kallonta.

"Wannan kuma fa, 'yar nan? Ƙwallo za mu buga?"

Ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya dubi tef, ya dubi gado.

"Wato daga nan zuwa can ƙasar gwamnati ce."

"Baba, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba. Kaina a Amurka, ƙafafuna a ƙasar gwamnati. Sai ki nemo musu fasfo."

Ta yi dariya har da hawaye, kuma rabonta da irin wannan dariyar tun kafin Dwayne ya tafi. Watannin nan na farko, in za a faɗi gaskiya, su ne mafi daɗi a rayuwar Rhonda. Tana bugawa, yana kwance yana duba jarida. In ta cire abin saurare sai ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba talaka izinin wucewa banɗaki." Ran Lahadi ta soya masa pirogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, da albasa, ya ce na mahaifiyarta ya fi, ya kuma cinye tas.

Amma aikin ya fara ja da baya. Kamfanin ya kawo wata na'ura mai sauraron likita ta rubuta da kanta, aka mai da Rhonda mai gyaran kuskuren na'ura, ladan ya ragu. Da abin hannu ya ƙaranta, sai ragin harajin nan ya girma a idonta har ya rufe komai. Ta fara kallon ƙarshen gadon nan. In bargo ya zubo ya taɓa ƙasa a hayin layin, ta tashi ta ɗage shi. Silifas ɗinsa ta mai da su baya da ƙafa. Ba ta san yana lura ba.

Wata safiya ta sauko da kofi, ta tarar ya naɗe ƙafafunsa, gwiwoyi sun kusa taɓa ƙirji, ƙasan gadon fayau ba kowa.

"Baba, miƙe mana. Likita ya ce ka riƙa miƙewa."

"Haka na fi jin daɗi."

"Ƙarya kake yi."

"Kin taɓa ganin ɗa ya ce wa ubansa maƙaryaci? Ba ni kofina."

Ta ba shi. Ya kamata ta durƙusa a take ta ɓare tef ɗin nan ta jefa a shara. Ta yi tunanin haka, ta ce bari Afrilu ta wuce tukuna. Abin haushin shi ne, a duk shekarun da ta yi a gidan nan ba wani ma'aikacin haraji da ya taɓa taka ƙofarta, balle ya zo da abin awo. Ba su ma san da wata Rhonda ba. Gil ya jefa maganarsa ya manta, ita ta ɗauka ta ɗora a kai.

Afrilu ba ta kai ga wucewa ba. Mai gashin ƙashin da ke zuwa duba Walt ta ce ƙafar ba ta samun sauƙi, tana ƙara sandarewa. Walt da kansa ya roƙe ta ta nema masa wuri a gidan tsofaffi na bayan gari, bai gaya wa 'yarsa ba sai da magana ta ƙare.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce. "Su gasa min ƙafar, ke kuma ki yi aikinki ba mai yi miki minshari a ofis."

"Baba, ni na ce ka dame ni?"

"Ba ki ce ba, 'yar nan. Ba ki taɓa cewa ba."

Ta yi kuka, ta yi faɗa, daga ƙarshe ta haɗa masa kaya. A can ƙasan ranta ta ji wani ɗan sauƙi, kuma wannan sauƙin shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba har yau.

Aka zo aka kwashe gadon. Ɗakin ya koma ofis tsantsa, ba abin da mai awo zai samu. Ta zauna a ciki duk bazara tana jiran aiki, wani yinin ya zo kaɗan, wani yinin shiru. Da ganye ya fara zuba, kamfanin ya sanar da 'yan kwangila cewa na'urar ta ƙware, an gode. Ta je wajen Gil, ya ɗaga kafaɗa.

"Ba sana'a, ba ofis ke nan, Rhonda. Ɗaki ne kawai yanzu. Ki sa abin da kika ga dama."

Ta dawo gida ta durƙusa ta ɓare tef ɗin. Ya bar wani ɗan layi mai haske a kan katako, ta goge ta goge ya ƙi fita. Ta fitar da tebur zuwa bakin titi don mai so ya ɗauka, ta wanke labule, ta kama hanyar gidan tsofaffi tana shirya yadda za ta ce masa ya tashi su tafi.

Ta daɗe da sanin Walt yana raguwa. Wani zuwan yakan kira ta da sunan mahaifiyarta. Amma ran nan ma'aikaciyar jinya, wata mai suna Tamika, ta tare ta a baranda.

"Ba zai yiwu ki iya da shi ke kaɗai ba, 'yar'uwa. Ba ya tsayuwa yanzu, sai mutum biyu sun ɗaga shi. Jijiyoyin sun riga sun ƙage. Mun yi mun yi ya miƙe ƙafa, ya ƙi. Ko mun miƙar masa, muna juya baya ya naɗe."

Rhonda ta shiga. Gadon dogo ne, ya ishi Walt har da saura. Yana can sama a dunƙule kamar jariri, rabin katifar ba ko alamar an taɓa kwanciya a kai.

"Baba, ni ce. Na cire layin. Ɗakin duka naka ne."

Ya buɗe ido ya dube ta, ya yi murmushi, ta ga ya gane ta. Ta zauna a ƙasan gadon, ta sa hannu cikin bargo ta kama idon sawunsa, ta fara ja a hankali.

Ya janye da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya.

"Bari, 'yar nan," ya ce. "Kada su zo su gani, su karɓe miki gida."