Ɗigon Tokar Mahaman

A Tamaske, duk wanda ya taɓa kallon ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Etuwal da Espuwar suna karawa ya san Mahaman mai toka. Manomin gero ne, amma ranar wasa sai ka rantse shi ya haifi Etuwal. Tun da safe yake bin gidaje da tsohon buhu yana kwasar tokar murhu. Da ita ya shekara talatin yana zana layukan filin da ƙungiyoyin biyu ke wasa a kai.

Gaskiya dai a faɗe ta, Mahaman ɗan cuta ne. Kullum sai ya matso da ɗigon fenariti taku ɗaya a ragar gabas. Ba abin da hakan ke tsinana wa kowa, tunda ana canja gefe a tsakiyar wasa. Shi dai Ado yake jira, telan nan da ko abinci ba ya iya ci in Espuwar ta sha kashi. Ado zai shigo fili da babbar riga, ya auna da ƙafa yana ƙirgawa da ƙarfi.

"Goma nig gani, Mahaman. Ina kak kai gudan?"

"Ƙahwahunka na sunka ƙara tsawo, tsoho."

A yi ta cacar baki har alƙalin wasa ya gaji ya raba su. Ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Amma shekarar da Mahaman ya kwanta ciwo, Ado ya ƙi zuwa kallo, wai ba ya yarda da layin wani.

Bara da damina Ado ya rasu. Mahaman ya je jana'iza ya tsaya can baya, bai san da wane suna zai matsa gaba ba.

Da wasan farko ya zo, ya matso da ɗigon kamar kullum. Ba wanda ya kula. A na biyu ya matso da shi taku uku, cutar da ko makaho zai gane. Yusuf, ɗan Ado, mai tsaron ragar Espuwar, ya zo wucewa ya rusuna.

"Sannu da aiki, Baba. Layi ya yi kyawo."

Maganar nan ta fi zagi ciwo. Mahaman ya sa ƙafa ya share ɗigon, ya koma bakin raga ya tako yana ƙirgawa da ƙarfi har sha ɗaya. Ya zuba toka daidai wurin, ya ajiye buhun a gefen fili. Yana hanyar gida aka busa usur na fara wasa.