Haruffan da na share

Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, na kasa zama wuri guda. In buɗe shagona na buga takardu a Sabon Birni, in fito in dubi gabas, in koma, in sake fitowa. Gero ya ƙone tun yana tsawon yatsa. A Kamarawa, garin mahaifiyata, ba wanda ya rage da iri a rumbu.

Sai wata ƙungiya ta ce za ta raba irin gero mai saurin nuna a Isa ranar Asabar, wanda bai zo da ƙafarsa ba kuwa ba shi da rabo. Ni aka ba aikin sanarwa. Na ce ta Kamarawa da ajami za ni rubuta ta, don kawuna ne limami a can, shi ke karanta wa jama'a takarda bayan sallar Juma'a, boko kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Firintata ta mutu a makon, dole in tura wa wani mai shago a Isa ta waya, ya buga ya ba ɗan kabu-kabu ya kai wa kawu. Ga sabis kamar da cokali ake ɗiga shi. Saƙo ya ƙi tafiya, kundin haruffan ajamin da ke liƙe da shi ya yi nauyi. Ni kuwa sarkin iyawa, na ce abin sauƙi ne, in rage kundin in bar abin da sanarwar ke bukata kawai. A cikin kowane kundi akwai jadawalin da ke nuna wa kwamfuta wane maɓalli ke kiran wane harafi. Shi na bi, duk surar da ban gani a cikinsa ba na share ta.

Kaicon gaggawa. Harafin ajami yana da surar farkon kalma, da ta tsakiya, da ta ƙarshe, kuma waɗannan ba a jadawalin suke ba, wani lungu aka ajiye su. A kwamfutata komai lafiya lau, tunda cikakken kundin na ciki. Saƙo ya tafi, har da sayo wa kaina fura. Mai shagon bai san ajami ba, ya buga abin da ya gani.

Ranar Lahadi sai ga kawu a bakin shagona, ya sha ƙurar babur. Bayan gaisuwa ya fiddo takardar daga aljihu. Na leƙa. Kowane harafi tsaye shi kaɗai, ba mai riƙe da ɗan'uwansa, wasu ma akwatuna ne wayam. Ya ce ya miƙe gaban jama'a, ya juya ta, ya goge ido, ya sake juyawa, sannan ya naɗe ta ya ce musu sai ya duba a gida. Kunya ta hana shi nuna wa kowa.

“Ɗana, gaya mini gaskiya. Idona ne ya tahi?”

Na ce ba idonsa ba ne, hannuna ne. Ya yi hamdala har sau uku, fuskarsa ta saki. Sai ya miƙo mini takardar.

“To karanta mini. Mi suka ce?”

Na ce masa jiya aka raba iri.