Malam Zarami, Mai Buɗe Wa Ɗalibai Tagar Farko

Ƙarfe bakwai da rabi Malam Zarami Dabo yake sauka daga keke Napep a bakin shagonsa na kwamfuta da ke unguwar Yerimaram. Ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, sannan ya ciro 'yar filashin ajiye fayilolin da yake ratayawa a wuya kamar laya. Shekara goma sha bakwai yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon ya koma Damagum, don idanunsa sun daina ganin ƙananan rubutu, kuma har yau babu wanda ya ce zai gaji bencinsa.

Duk ɗalibin da ya so rubuta manhaja mai motsa hoto da fitar da sauti, sai ya fara haɗa kwamfutarsa da laburare, wato tarin kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta. A nan muke kifewa. Mu kuma 'yan Potiskum akwai son banza, sai mu kwafo na aboki dungurungum, mu yi ta mamakin abin da ya hana shi tashi.

Haka wata ɗaliba, Gumsu, ta zo masa ido jawur, saura kwana uku ta gabatar da aikinta na kammala karatu. Ina zaune a wurin. Ya leƙa kwamfutarta sau ɗaya, ya ga wani suna a saƙon kuskuren, ya yi dariya.

"'Yata, wa ye Ashraf?"

"Ɗan ajinmu ne, Malam."

"To, kwamfutarki ɗakin Ashraf take nema a gidanku. Nuna mata inda kika ajiye naki kayan."

Bai taɓa mata ko maɓalli ɗaya ba. Hannunsa a baya ya tsaya, tana gyara hanyoyin fayil ɗaya bayan ɗaya, har la'asar. Da baƙar taga ta buɗe a fuskar kwamfutar, muryar kakarta da ta naɗa ta fito tana gaisuwa da Barbarci, Gumsu ta fashe da kuka. Ta ci jarrabawarta.

Malam, kai ne ka koya mana haƙurin karanta saƙon kuskure har ƙarshe. Gwanin da ba ya rowar sani! Muka iya, muka watse Kano da Abuja, muka bar ka da benci. Sau uku kana kirana kana cewa, "Meram, ki zo ki karɓi ɗaliban nan ko na wata guda." Sau uku ina cewa sai bayan Sallah. Ina kewar shagon nan, ina kuma jin kunyarka.

Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske. Ku da kuka zauna a gabansa, kowa ya samu mutum ɗaya ya koya masa, hannu a baya.

Ni dai na nemi hutu a wurin aiki, sun ba ni wata guda. Kada ka mayar da makullin tukuna, Malam, ina tafe ranar Juma'a.