Malam Bappayo Mai Zaɓen Wuƙa

Malam Bappayo mafarauci ne daga Shira. Shi ba maƙeri ba ne, bai kuma taɓa sayar da wuƙa ba, amma duk ranar kasuwar Azare a rumfar maƙera ake samunsa. Mahauta da makiyaya kan ja hannunsa ya zaɓa musu, ba ya kuwa karɓar komai sai goro.

A shekarar 1988 aka turo wani ma'aikacin gandun daji mai suna Zacchaeus daga Tafawa Ɓalewa. Aikinsa yawo ne cikin daji, don haka ya sayi wata wuƙar kanti mai walƙiya, ƙotarta ta roba. Wani abokin aikinsa ya ce ya kai wa Malam Bappayo ya duba.

Malam Bappayo ya juya ta, ya ƙyasta ta da farce, ya kara a kunne.

"Albasa za ka yanka ko daji za ka shiga?"

"Daji, Malam."

"To, kai wa maiɗakinka wannan. Ƙarfen iyakarsa bakin ƙota. Ranar da ka sari itace da ita, roba za a bar ka da ita a hannu."

Ya ja shi wurin wani maƙeri, Hammawa, mai ƙira da ƙarfen sifirin mota. Malam Bappayo ya ture dogayen wuƙaƙe, ya ce na ado ne. Ya ɗauki wata baƙa mai kauri, tsawonta bai wuce taƙi ba, ya nuna masa yadda ƙarfen ya ratsa ƙotar itacen ƙirya har gindi. Ya sa shi ya jiƙa hannu ya riƙe, ya ji ko tana santsi. Kube ma sai da ya kifa shi ya girgiza, ya ga wuƙar ba ta faɗo ba. Zacchaeus ya saya, ko da yake a ransa yana ganin muninta.

Da damina ta yi tsakiya, ya tafi duba wani kurmi a ƙasar Katagum. Ruwa ya sauko, kogi ya cika ya tare masa hanyar komawa. Kwana biyu ya yi a kan wani tudu. Da wuƙar nan ya sari rassa ya kafa 'yar bukka, ya faskare jiƙaƙƙen itace yana dukan bayanta da gungume har ya kai ga busasshen ciki, ya hura wuta da ashanarsa. Ya fiƙe sanda ya soki tarwaɗa a bakin ruwa, ya gasa. A rana ta uku masunta suka tsallako da shi.

Ranar kasuwa ya zo godiya da ƙwaryar goro. Malam Bappayo ya saurari labarin duka, sannan ya ce, "Mu ga wuƙar." Ya zare ta, ya ga tsatsa ta fara kama gindinta, ya ɓata fuska.

"Ta yi maka aiki, kai ba ka yi mata ba. Man gyaɗa ya ƙare a Azare ne?"

Daga nan suka zama abokai. Da idon Malam Bappayo ya raunana ya daina farauta, Zacchaeus ne ke ɗauko shi a babur ranar kasuwa. Malam Bappayo bai fasa zaɓen ba, da yatsa da kunne, har ya rasu a 1997.